Na Uku Yana Limawa

Lahadi, bayan la'asar

Shekara nawa ke nan ina tambaya a gidan nan, mene ne amfanin mutum ya sayi littafi iri ɗaya har sau uku? Hoton mace ɗaya, mayafi ɗaya, sai dai a canza wa bangon launi. Na tambayi Zuhra tun tana sakandare, ta yi dariya ta shige ɗaki. Na tambayi yayarta Khadijah, ta ce, "Baffa, ba za ka gane ba." Marigayiya uwarsu ma haka take ce mini. Ni Ɗanburam, da gashina ya yi fari a kan gyaran keke a Limawa, ba ƙarfen da ya taɓa gagarata, wai ni ne ba zan gane ba. Don ban yi boko ba. To, ajamin da nake rubuta wannan da shi ba rubutu ba ne?

Haka aka yi mini a zancen Mubi. Na ce ga makarantu nan a Yola, a bar mini autata ta yi karatunta kusa, ta kwana a gida. Aka yi mini shiru, aka saya mata akwati.

Tun ranar Laraba wayarta a kashe take. Khadijah ta ce an lalata ƙarfen sabis ne a can, ba komai ba. Na ce ai ban tambaye ta ba.

Litinin, hantsi

Na je tasha. Motoci suna ta shigowa daga wajen Mubi da masu gudun hijira, mutane har saman kaya, wasu da ƙafa suka ƙaraso, ƙafafun duk sun kumbura. Na tsaya na duba duk wadda ta sauko. Hosea mai gadin tasha ya ba ni bencinsa, ya ce, "Baba, zauna mana, tsayuwa ba ya kawo mota." Ban zauna ba.

Abin da ya dame ni, waɗanda suka iso ɗin ba su da inda za su je. Suna zaune a rumfa tun safe, ba hira, ba barci, idanu a bakin ƙofa. Mutum ya wuni yana kallon ƙofa, kansa zai taɓu.

Talata, bayan azahar

Khadijah ta zo daga Rumde da dangin mijinta, mutanen Hong, mata da yara. Gidanta ya cika. Ta ce a ba su ɗakin Zuhra "kafin ta dawo". Da ba ta faɗi wannan ba da ban yarda ba.

Aka fito da jakunkunan bakko biyu daga ƙarƙashin gado, cike da littattafan nan. Khadijah ta ce a ba mai ƙosai ta riƙa naɗi da su, ɓeraye sun fara ci. Na ce wanda ya taɓa su zai ga abin da ba ya so. Ta ce, "Baffa, ba kai ne kullum kake cewa za ka cinna musu wuta ba?" Na ce ni na faɗa, ni kuma zan cinna in na ga dama, ba mai ƙosai ba.

Na baje su a tabarma na ware su hoto-hoto, yadda nake ware ƙusoshi. Kusan kowane hoto uku-uku, kamar yadda na sha faɗa. A kowane uku akwai wanda ya sha hannu har ya yi laushi, akwai mai dama-dama, akwai mai tsabta kamar ba a buɗe shi sosai ba. Na ajiye mata masu tsabtar a akwatin ƙarfe na uwarta. In ta dawo ba abin da ta rasa, kowane hoto akwai ɗaya. Sauran kuwa asara ce da ma, gara su yi wa wani amfani.

Laraba, da safe

Laraba kuma. Mako guda ke nan wayarta a kashe.

Alhamis, bayan la'asar

Na ɗaure littattafai a baƙar leda don kada ƙasa ta ɓata su, na ɗora a kariyar keke, na kai tasha. Ba na son a ce Ɗanburam ya zama mai tallan labarin soyayya da tsufansa, sai na ajiye a ƙarƙashin benci na koma gefe kamar mai duba taya.

Wata mata ta hango ledar ta yi salati. Kafin in ɗago, rumfar ta watse. Mai shayi ya bar tukunyarsa, wani ya haye katanga da jariri a hannu. Hosea ya zo da doguwar gora yana zungurar ledar daga nesa. Na ce masa littattafai ne. Ya ce na wa? Na ce nawa.

Ya ja ni bayan ɗakin gadi ya ce da turancin buroka, "Baba, yu wan kil pesin? A wannan lokaci ka ajiye baƙin leda ka tafi? Da soja ne a nan, da yanzu kana bariki, ko kuma ba ka ko'ina." Na ce ni ban ga laifin leda ba, tun kafin a haife shi ake ɗaure kaya a leda. Ya ce in dai zan ajiye, in ajiye su tsirara, hoton matar yana kallon sama, kowa ya ga takarda ce.

Matar da ta yi salati ba ta daina kuka ba har na tafi. Wannan bai yi mini daɗi ba. Na saya mata ruwan sanyi, na ba Hosea ya miƙa mata.

Asabar, hantsi

Na bi shawarar yaron, ba don ya fi ni hankali ba. Na ajiye wasu a tasha, wasu a bencin jiran asibiti, wasu a bakin famfon Rumde inda mata ke layi, wasu a tagogin firamaren Nassarawo da mutane ke kwana a azuzuwa. Na bar uku a kan katangar coci, su ma can cike yake. Ba na ajiye hoto iri ɗaya a wuri ɗaya, don kada mutum biyu su sami abu guda.

Duk inda na tsaya ina duba fuskoki. Da ma dalilin fitar ke nan, littattafan rakiya suke yi mini.

Da na dawo ta tasha na ga wani ƙato mai gemu, rigarsa a yage, ya buɗe ɗaya yana motsa baki. Mota ta shigo bai ɗago ba. Ni ne na duba masa waɗanda suka sauko.

Lahadi, bayan magariba

Khadijah ta kira lambar Zuhra sau da yawa. Matar nan ta cikin waya tana ta maimaita maganarta. Ita ma ba ta ba mutum amsa.

Talata, bayan azahar

Yau an zo har rumfata an yi mini faɗa.

Ina faci sai ga wata mata, doguwa, da gilashi an ɗaure ƙafarsa da zare. Ta ce sunanta Edna, malamar firamare ce daga Michika, yanzu tana kwana a aji a Nassarawo. Ta ce, "Baba, kai ne baban Zuhra?"

Tub ɗin ya faɗi a ruwa. Na ce kin gan ta?

Ta ce a'a. Ta buɗe bangon littafi ta nuna mini rubutu. Ashe yarinyar nan kowane littafi ta rubuta sunanta a ciki, da Limawa, da gidan mai gyaran keke, don masu aro su dawo mata da shi. Edna ta ce ba wannan ya kawo ta ba. "Ina na uku?"

Na ce na uku na me?

Ta ce ta tsinci na ɗaya a taga, ta karanta wa matan ajinsu da yamma, labari ya tsaya a inda ba a tsayawa. Ta yi kwanaki tana yawo, ta samo na biyu a hannun wata mai jinya a asibiti, shi ma ya tsaya a tsakiya. "Mata sun hana ni barci, Baba. Wani mugun mutum ya raba littafin nan gari-gari. Na ɗaya a Nassarawo, na biyu a asibiti. Wanda ya yi wannan ba shi da tausayi."

Na ce ai duk iri ɗaya ne, ga hoto nan.

Ta cire gilashin ta kalle ni. Ta aza yatsa a kusurwar bango inda aka sa wata 'yar lamba ƙarama kamar ƙuda. Ta ce labari ɗaya ne aka yanka uku, kamar rake. Na ɗaya ya fi tsufa don kowa yana aronsa, na uku sai mai haƙuri ke kaiwa gare shi.

Na ƙura wa lambar ido. Sannan na ce laifin masu bugawa ne. Mutum mai hankali in ya yanka abu uku sai ya canza hoto. Ni in na sayar da tayar gaba da ta baya ai ina faɗa wa mutum. Kuma a gidan nan mutum uku sun san wannan, shekara da shekaru, ba wadda ta buɗe baki ta gaya mini, sai dariya.

Edna ma dariyar ta yi, har ta zauna a kan bencina ba a ce ta zauna ba. Na shiga na buɗe akwatin ƙarfe. Kusan duk abin da ke ciki na uku ne. Ƙarshen kowane labari da ake karantawa a Jimeta yau yana ɗakina.

Na ce mata ba ya fita daga gidan nan, na Zuhra ne. Mai so ya zo ya karanta a gindin dalbejiya. Kuma ba kyauta ba: duk wanda ya zo sai ya faɗa mini hanyar da ya biyo da waɗanda ya gani. Ta ce, "Baba, kai ɗan kasuwa ne." Na ce ni mai gyaran keke ne.

Sai da za ta tafi ta tambaye ni kamannin Zuhra. Na faɗa mata: siririya, mai wushirya, da tabon ƙuna a hannun hagu. 

Juma'a, bayan sallah

Sun fara zuwa. Ƙaton nan mai gemu ya zo, ashe mahauci ne daga Uba. Matan coci biyu sun zo da na biyunsu a naɗe a zani. Wani ya zo neman na ɗaya, shi daga tsakiya ya fara, na tura shi famfon Rumde. Yanzu a tasha in ka ji ana tambaya, ba "daga ina" kaɗai ba ne, har da "wa ke da na biyun mai koren mayafi". Hosea ya ce ya zama ɗan aike, ba a ƙara masa albashi ba.

Kowa ya ba ni hanyarsa. Wasu ta kan duwatsu, wasu ta gonakin dawa, wasu sun ƙetara Kamaru suka zagayo. Siririya mai wushirya kuwa kowa ya ga guda biyar. Duk da haka a gindin bishiyar nan mahaucin ya ji labarin ƙanensa daga bakin matar coci, yana Gombi da ransa. Ya ajiye littafin ya kifa kai a gwiwa. Na ce ya kula kada ya jiƙa mata takarda.

Lahadi, hantsi

Wani ɗalibi ya zo. Makarantarsu ɗaya. Ya ce ya ga gawar wata yarinya a bakin ƙofar ɗakunan kwanan mata ranar Larabar. Bai ga fuska ba, shi da bakinsa ya ce bai ga fuska ba. Khadijah ba ta ji wannan ɓangaren ba, ta riga ta faɗi.

Litinin, bayan la'asar

Liman ya zo da wata magana, shi da mijin Khadijah. Wai a yi haƙuri, wai akwai abin da ya kamata a yi wa wanda ba a gani ba. Na ce su sha ruwa su tafi. Mutanen da suka yi mini shiru ranar sayen akwati, yau su ne masu baki.

Talata

Ban buɗe rumfa ba.

Laraba

Ban buɗe ba. Ina jin su a waje suna magana ƙasa-ƙasa.

Alhamis, bayan azahar

Edna ta buga ƙofa har na gaji na buɗe. Ta ce mutane suna jira tun shekaranjiya, ni na ce su zo, ba kyau dattijo ya kira mutane ya kulle ƙofa. Na ce ta ɗauki akwatin gaba ɗaya. Ta ce ba ta ɗauka, ai na ce ba ya fita daga gida. Mace mai taurin kai, ban san yadda mijinta yake yi ba. Na faɗa mata haka. Ta ce ita ma ba ta san yadda yake yi ba, tun ranar da suka rabu a hanya ba ta ji ɗuriyarsa ba. Ban sani ba sai yau. Kullum ita ke tambayar ta wasu.

Na fito da akwatin. Ta ce tunda ni ne mai littattafai kuma ban san abin da ke cikinsu ba, in zauna ta karanta mini ɗaya daga farko, ga na ɗayansa ta zo da shi. Na ce ba ni da lokacin shirme. Na ɗauko wani tsohon keke ina gyara kusa da ita.

Labarin wata tela ce, marainiya, da aka ce ta saci awarwaron zinare a gidan bikin da take ɗinki. Ba ita ta ɗauka ba, ko yaro ya san haka. Aka kore ta, aka karɓe keken ɗinkinta. Na ce wane irin alƙali ne wannan, bai tambayi kawun amarya ba? Edna ta ce, "Baba, ai ka ce ba ka ji."

Asabar, bayan la'asar

Mun gama na biyu. Telar tana tsaye a ƙofar kotu, wani ya kira sunanta daga baya, shi ke nan takarda ta ƙare. Masu bugawan nan Allah zai tambaye su.

Na ce a ɗauko na uku. Muka zazzage akwatin, babu. Na tuna ranar da na ware su wannan hoton biyu ne kawai, na ɗauka ranar ce ta yi hankali ba ta sayi uku ba. Khadijah ta ce ta tuna, Zuhra ta sa shi a jaka da za ta koma makaranta, ta ce a mota za ta ƙarasa.

Kawun ne. Na tabbata kawun ne.

Talata, hantsi

Zan rubuta yadda aka yi.

Edna ta zo da wata dattijuwa, Bafulatana daga Maiha, sunanta Hanifa. Jiya aka kawo su daga iyaka a babbar mota. Ba ta karatu. Da yamma Edna tana karanta wa matan aji labarin telar, sai wannan mata ta ce daga kan tabarmarta, "Ku bar wahala, na san wanda ya ɗauki awarwaron." Edna ta ce ta ina ta sani, na uku babu shi a garin nan. Ta ce a kan dutse ta ji.

Na shimfiɗa mata buzuna. Muka gaisa da Fulatanci, ta sha ruwa, sannan ta faɗa. Su mata da yara ne suka bi ta duwatsu zuwa Kamaru, tafiyar kwanaki. A cikinsu akwai wata ɗaliba. In an zauna hutawa sai ta fara ba su labari daga ka, in ya kai inda ya fi daɗi sai ta miƙe ta ce saura sai a gindin wancan dutsen. Yara suna kuka suna binta. "Har mu manya, Baffa. Da labarin telar nan ta tsallakar da mu."

Na ce 'yan mata masu karanta wannan littafi sun fi dubu. Sunanta fa? Ta ce Mai Labari suke ce mata. Wushirya? Ta ce akwai. Hannun hagu? Ta ce ba ta lura ba, ba za ta yi mini ƙarya ba.

Na ce to ba ita ba ce dole.

Hanifa ta yi ɗan tunani ta ce, "Ta ce babanta yana gyaran keke a Yola. Ta ce in mun iso kada mu ji tsoronsa, da kowa yake faɗa, amma zai ba mu wurin kwana."

Khadijah ta toshe baki da mayafi. Edna ta juya tana goge gilashi.

Na ce ƙarya take yi, ba da kowa nake faɗa ba.

Sun rabu a wani ƙauye a ƙetaren iyaka, kusa da hanyar Garwa. Ƙafarta ta kumbura, ƙaya ta shige ta, wata mai sayar da nono ta ɗauke ta gidanta. Da Hanifa ta baro ta tana cin abinci, tana zaune, tana yi wa yaran gidan labari. Kwanakin baya ne, ba da daɗewa ba.

Hanifa ta ce in ina so ta gaya mini yadda aka ƙare da telar. Na ce ta riƙe bakinta. Na ce a ɗauko kayanta daga Nassarawo, akwai rumfa a tsakar gida.

Laraba, bayan azahar

Na buɗe rumfa tun da sassafe. Na yi faci huɗu ban karɓi komai ba, kada su saba.

Alhamis, bayan la'asar

Hosea ya haɗa ni da direbobin da ke zuwa bakin iyaka. Na ba kowa littafi, tsirara, ba leda. Na ce su ba masu ƙetarawa, a ajiye a kasuwannin ƙauyukan can, a bakin rijiya, a inda masu nono ke zama. Sunanta yana ciki da rubutun hannunta. Edna ta ƙara lambar Khadijah a ƙasa, ta ƙara sunan nata mijin da ya ɓace a gefe, na ce ta ƙara, takarda ba ta cika ba. Mijin Khadijah ya ce Asabar zai bi su da kansa. Na ce da ni za a je. Suka yi shiru irin nasu. Wannan karon na riga na biya wa kaina kujerar gaba.

Wani direba ya ce, "Baba, in na gan shi me zan ce masa?" Na ce ita ce, ba shi ba, kuma ya ce mata Baffa yana fushi.

Ina fushi kuwa. Zuhra, kin iya riƙe littafi uku a ka kina hawan dutse, lambar yayarki ce ta gagare ki? Duk ƙauyen babu mai waya? Kin gaya wa matan Maiha, kin gaya wa yaran mai nono, kowa a kan dutse ya san yadda aka yi, ni da na haife ki ina zaune a Limawa an bar ni a ƙofar kotu. Hanifa tana tsakar gida yanzu haka, in na ɗaga murya za ta faɗa mini. Ba zan tambaye ta ba. Ke kika tafi da shi, ke za ki zauna a bencin nan ki gaya mini da bakinki, kuma ba da dariya ba. Wa ya ɗauki awarwaron? Kawun ne ko ba shi ba ne? Ki ba ni amsa.